Haƙoran Mounkaila

Shafi na 19

Jama'a ku yafe mini shirun kwana biyu, wayata ce ta yi wanka a robar wanki. Masu cewa na tsani Mounkaila kuma, wallahi ban tsane shi ba, shi ya jawo wa kansa. Ku gyara zama.

Tsintsiyar da ke hannun Hassia ta faɗi ƙasa.

Shekara uku ke nan tana sharar makarantar firamaren nan ta unguwar Abdulkafi a Sabha ta ƙasar Libiya, kuma kullum in ta fito share bakin ƙofa sai idonta ya sauka kan shagon Hamed da ke tsallaken titi. Ta saba da ganin ledojin shibsi a rataye, wato soyayyen dankalin nan mai gishiri da yaji, da firjinsa cike da jan lemon da ke rina harshen yaro har la'asar. A wannan shekara ta 2007 kuɗin mai ya cika gari, ko'ina gini ake, kowane yaro da canji a aljihu, Hamed kuwa ya san inda canjin zai kwana.

Amma yau an ɗora wani ƙaton allo a saman shagon. Wani ƙato ne a jiki, daga shi sai singileti, buhun siminti a kafaɗa, ledar shibsi a hannu, ya washe baki haƙora reras farare tas.

Hassia ta murza ido. Ta sake murzawa.

"Inna! Inna! Baba ne!"

Safoura ce, 'yarta mai shekara takwas, take tsalle jakar makaranta na dukan bayanta.

"Ke rufe mini baki! Wane Baban?"

"Baba mana! Ga tabon goshinsa nan. In karanta miki?" Ba ta jira amsa ba ta ɗaga kai tana bin Larabcin. "Ci Zakin Sahara, ka yi ƙarfi irin nawa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Kafin Hassia ta damƙo ta, yarinya ta tsallaka cikin 'yan ajinsu tana shelar babanta ne. Nan da nan layin shagon Hamed ya kai bakin titi. Wani yaro ta gani ya ciro burodinsa da kifin gwangwani da uwarsa ta haɗo masa, ya ajiye wa kyanwa, ya shiga layi yana murɗa damtse.

Daga bayanta aka ce, "Hassia. Ofis."

Abla Fatma ce, shugabar makarantar. Balarabiya ce, amma kakarta 'yar fatake ce, don haka tana da Hausarta, irin wadda ba ruwanta da mace da namiji.

Da suka shiga ba ta ce a zauna ba. Ta nuna taga, wadda ke kallon shagon Hamed sak.

"Wannan mutum, miji naka?"

Hassia ta so ta ce kama ce. To, tabon goshi fa?

"Shi ne, Abla."

"Shekara biyu ina faɗa da wannan Hamed. Jiya likita ya duba aji uku, yara talatin, haƙori mai rami sha tara. Sha tara! Yaro yana zuwa aji cikinsa yana kuka, harshe ja. Ni ina cewa kada ku ci, kada ku ci. Yau miji naka ya hau sama yana cewa ku ci!"

"Wallahi Abla ban san da shi ba. Na rantse da..."

Abla ta jawo babban littafin rajista ta buɗe. Sunayen yaran aji biyu duk da biro aka rubuta su, ban da guda ɗaya a can ƙasa. Sunan Safoura da fensir yake, domin takardun iyayenta ba su cika ba, alfarma Abla ta yi wa mai shararta ta karɓi yarinyar. Ta yi alkawari wannan makon za ta bi shi da biro, kowa ya huta.

Ta buɗe durowa, ta ɗauko abin goge fensir, ta ajiye shi a gefen sunan.

Hassia ta ƙura wa abin gogewar ido. Ita ba ta taɓa zama a aji ba, yarinyar nan ce ke karanta mata har takardar magani, kuma duk wahalar Sahara da suka sha wannan layin fensir ɗin ne kaɗai abin da take nunawa ta ce ga ribarta.

"Abla, ki rufa mini asiri."

"Gobe da safe akwai tabur, duk yara suna layi a fili. Miji naka ya zo ya faɗa musu gaskiya da baki nasa. In ya zo, biro. In bai zo ba..." Ta ɗan taɓa abin gogewar da yatsa.

Da azahar Mounkaila ya dawo daga wajen gini cin abinci, fari fat da ƙurar siminti, yana 'yar waƙarsa. Ya tarar da kwanon a rufe, Hassia zaune a kansa. A kan kwanon fa nake nufi, ba kusa da shi ba.

"Hassia lafiya? Tashi mana, yunwa nake ji."

"Zaki ma yana jin yunwa?"

Ya tsaya cak.

"Wane zaki?"

"Na Sahara. Maigida, buɗe bakinka."

"Don me?"

"Buɗe na ce!"

Ya buɗe a hankali. Giɓin nan dai yana nan inda ta bar shi, haƙoran gaba biyu babu, na gefe ɗaya ya yi baƙi. Shekara tara ke nan da shayi mai sukari ya gama da su.

"To, na saman shagon Hamed haƙoran wa ka aro?"

"Shagon Hamed? Me ya kai ni shagon Hamed?"

"Kana can a rataye, ka fi ƙofar masallaci girma, ƙirji a waje, duk matan Abdulkafi sun ga hammatarka!"

Mounkaila ya zauna daɓas a tabarma.

"La'ilaha illallahu. Ashe da gaske yake."

"Wa?"

"Mai hoto. Wani Balarabe ne ya zo shantiye, wajen gininmu, wata biyu da suka wuce, da kyamara a wuya. Ya ce yana ɗaukar 'yan Nijar hoton aikawa gida kyauta, don Allah kawai. Kin san dai kowa yana aika hoto, abokin aikina Hachimou ma ya tsaya gaban motar da ba tasa ba ya dafa ta. Ni kuma ya ce in ɗauki buhu, ya miƙo mini leda ya ce in riƙe don Iya ta ga ana cin daɗi a Libiya."

"Sai ka riƙe."

"Sai na riƙe."

"Rigar fa?"

"Ya ce tana da datti."

"Haƙoran fa?"

Nan fa fuskar bawan Allah ta ɗan yi haske, duk da halin da ake ciki.

"Da na'ura ya sa mini su. Hassia, da ya kawo hoton, sai da na zauna bayan mota na yi ta kallo. Shekara tara ban ga kaina da baki cike ba."

"Ka aika wa Iya?"

"Na ba direba ya kai mata gida Tanout."

"Me ta ce?"

Ya sosa ƙeya.

"Ta aiko kaset. Ta ce ta gode wa Allah, ashe arzikin Libiya har haƙori yake tsirarwa. An zaga da hoton gida-gida. Yanzu haka Kawu Sallaou ya sayar da akuya biyu, yana hanya."

"Kawu Sallaou da ba shi da ko ɗaya a baki?"

"Shi. Ya ce ko huɗu ya samu ya gode."

Hassia ta ɗora hannu biyu a ka. Dariya ta taso mata, ta tuna abin gogewa, sai ta koma kuka.

"Mounkaila!"

Ya zabura. Tunda aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba.

"Sunan Safoura za a goge! Saboda kai da haƙoran aro! Namiji da gemunsa, an ce kyauta ka tuɓe riga. Ni da na yi hoton sallah na aika wa tsohuwata, ka ga na zubar da mutuncina? Da shaddata, da mayafina, da 'yata a gefe."

"Yauwa, Hassia, ai wannan hoton na sallah..."

"Kada ka kuskura ka haɗa hotona da naka!"

"Ba haɗawa zan yi ba, so nake in ce..."

"Gobe ƙarfe takwas kana gaban yaran nan. Ka ce musu ƙarya ce. Ka buɗe musu wannan bakin su gani."

"A gaban yara ɗari uku? Hassia, ko a shantiye da hannu nake rufe baki in zan yi dariya."

"To zaɓi. Giɓinka ko karatun 'yarka."

Ya sauke ido kan tabarma.

"Tashi daga kan kwanon," ya ce. "Zan je. Amma ki bari in gaya miki, mai hoton nan..."

"Ci abincinka, ban son jin sunansa."

Da la'asar Safoura ta shigo da leda uku na shibsi a jaka, harshe ja wur. Hassia ta ƙwace ta cusa bayan tukunya.

"Wa ya ba ki?"

"'Yan ajinmu. Inna, yau har Zulaihatu ta ce in zauna bencinsu. A da cewa suke ina warin tsintsiya." Ta juya wajen ubanta da ke wanke ƙafa. "Baba, wai gobe za ka zo lakol, makarantarmu?"

"Zan zo, uwata."

"Za ka ɗaga musu buhu?"

"A'a. Zan ce musu ban taɓa cin abin nan ba."

Ta yi tsuru tana kallonsa.

"Kuma za ka yi dariya?"

"Sai na yi."

"Baba don Allah kada ka buɗe baki. Ka yi maganar a rufe."

Wallahi jama'a nan ni kaina tausayi ya kama ni. Mounkaila ya ajiye buta, ya jawo ta jikinsa.

"Kina son benci na kwana biyu, ko kina son aji uku da aji huɗu har ki zama Abla?"

Ta kifa kai a kafaɗarsa. Hassia ta juya baya tana ta goge tukunyar da ta riga ta wanke.

Washegari ƙarfe takwas yara sun yi layi a fili, aji-aji. Mounkaila ya shigo cikin rigar Juma'arsa, da kwanon abincinsa ɗaure a ɗankwali. Ai kuwa fili ya ɗauka.

"Zaki! Zaki! Zaki!"

Abla Fatma ta buga sanda a tebur, aka yi tsit. Ta miƙa masa abin magana. Sai a lokacin aka tuna Larabcin Mounkaila bai wuce kawo siminti, ƙara ruwa, an tashi ba.

Abla ta leƙa layin aji biyu.

"Safoura. Zo ka fassara."

Yarinya ta fito tana jan ƙafa, ta tsaya gefen ubanta, idonta a ƙasa.

Ya fara magana leɓe a haɗe, ba wanda ya ji komai. Hassia daga can bakin famfo ta ɗaga masa tsintsiya. Ya gyara murya.

"Ce musu sunana Mounkaila, ba zaki ba. Lebura ne ni."

Ta faɗa da Larabci, murya can ƙasa.

"Ce musu abin ledar nan sau ɗaya na ɗanɗana, na sha ruwa buta guda. In na ci shi da safe, kafin hantsi buhu zai kayar da ni."

Ta faɗa. Ya kwance ɗankwali ya buɗe kwano ya ɗaga sama.

"Ga abin da nake ci. Dambu da zogale, uwarki ta dafa. Da dabino. Da fura in an samu."

Wani ƙaton ɗan aji shida ya ɗaga hannu ya yi tambaya, Safoura ta juyo.

"Wai in ƙarya ne, ya aka yi haƙoranka suka fi na kowa kyau?"

Mounkaila ya kalli Hassia. Ya kalli 'yarsa. Ya ce bismillahi a ransa, ya washe baki gaba ɗaya, har ya juya hagu da dama don na gefe ma su samu rabonsu.

Wata 'yar aji ɗaya ta ƙwala ihu ta ruga bayan malamarsu. Wani malami ya juya yana tarin ƙarya. Sauran kuwa dariya suka fashe da ita, har da masu zama a ƙasa.

"Ce musu sukari ne ya yi mini haka," ya ce. "Ce musu na saman shagon na na'ura ne. Wanda yake son irin nawa na gaskiya, ga jan lemo can, ya je ya sha."

Safoura ta fassara, dariya ta fara raguwa. Yara da yawa suka sa yatsa a baki suna lalubar nasu. Sai kuma ta ƙara wata magana da ƙarfi, wadda uban bai faɗa ba, har jijiyar wuyanta ta fito.

"Me kika ce musu?" ya tambaya a hankali.

"Na ce buhun gaskiya ne. Biyu-biyu kake ɗauka."

Ya rufe kwanonsa, ya ɗaure ɗankwalin har sau uku.

Bayan an shiga aji, Abla ta kira su ofis su uku. Yau har da cewa a zauna. Ta buɗe rajista, ta ture abin gogewa gefe, ta zare murfin biro.

"Miji naka namiji ne, Hassia. Yau ko yaro ɗaya bai tsallaka titi ba."

"Ai Abla gidanmu ba a san mu da wannan ba," in ji Hassia, ta gyara mayafi, baki ya buɗe. "Shi ne dai aka yaudara, kin san maza da son a gan su. Ni ko ɗigon jan lemon nan ban taɓa bari ya shiga bakin 'yata da hannuna ba."

Mounkaila ya taɓa ta da gwiwa.

"Hassia..."

"Bari mana, ana magana."

Abla ta sunkuya ta fara bin fensir da biro. Safoura ta matso har numfashinta na taɓa takardar. An gama rubuta Safoura, saura sunan uba, sai suka ji ƙarar guduma daga tsallaken titi.

Duk suka kalli taga.

Hamed ne a saman tsani, jallabiya a naɗe. Ya riga ya sauke allon Mounkaila ya jingine shi a bango, kai a ƙasa. Ya hango su ta taga, ya ɗaga musu hannu da fara'a, ya ƙwalo da Hausarsa ta kasuwa.

"Abla! Kun ɓata mini zaki, ba komai! Akwai wani!"

Ya ja igiya, sabon allo ya warware.

Wata mata ce cikin shadda ruwan goro, mayafi ya zauna daram, 'yan kunne na walƙiya. Hannunta ɗaya a kafaɗar wata yarinya, ɗayan kuma riƙe da kwalbar jan lemo, ta kafa wa yarinyar a baki, tana murmushin wadda ta isa.

Hassia ta gane kanta da Safoura a allon. Ranar sallah ce ta dawo mata tar. Balarabe mai kyamara a wuya, a ƙofar gidan 'yan Nijar, yana cewa kyauta ne don Allah, ga ma lemo mai sanyi a ba yarinya don kaka ta ga ana jin daɗi.

"Shi nake ta son gaya miki tun jiya," in ji Mounkaila a kunnenta. "Mai hoton ɗaya ne."

"Inna," Safoura ta ce da 'yar ƙaramar murya, "in karanta miki?"

"Karanta," in ji Abla Fatma, ba ta ɗauke ido daga tagar ba.

"Uwa ta gari... lemon Zakin Sahara take ba 'yarta."

Abla ta kalli allon, ta kalli Hassia tun daga mayafi har silifa. Ta mayar da murfin biro, ƙas. Hannunta ya miƙa wajen abin gogewa.

Safoura ta riga ta. Ta ɗora tafin hannunta a kan rabin sunan da ya rage da fensir, ta danne da iya ƙarfinta.

"Mounkaila," in ji Abla, "rufe ƙofa. Ni da mata naka muna da magana."